Saƙonnin da Malam Dakata Ya Hana a Goge

Kafin masu shara su gama yake isowa. Ya rataye jakarsa a bayan ƙofar ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya bi ofis-ofis yana tambaya, "Wace ce ta ƙi tashi yau?" Kwamfuta yake nufi. Haka na same shi da na dawo daga karatu na kama aiki a ma'aikatar nan, haka yake har makon jiya da ya ajiye aiki. Idanunsa ne suka gaza. Likita ya ce ya rabu da kallon allo.

Malam Dakata muke ce masa, don duk wanda ya kai hannu zai goge wani abu, abin da zai ji ke nan: "Dakata tukuna." Direbanmu yakan ce, "Kai ko ajali ne ya zo, cewa za ka yi ya dakata ka kwafe." Shi kuma ya ce, "In zai yarda, me zai hana?"

Jawaban sallama sun riga sun ce yana da haƙuri da riƙon amana. Ni abu guda zan faɗa, wanda aka yi a gabana.

Bara aka sauya mana kwamfutoci. Aka ce kowa ya kwashe kayansa, ɗan kwangila zai tattara tsofaffin ya wanke su tas, ya goge duk abin da ke cikinsu. Sakatariyar darakta dattijuwa ce mai 'ya ɗaya. 'Yar ta tafi aikin jinya wata ƙasa, ta yi shekaru tana rubuto mata imel ta adireshin ofis, don shi kaɗai uwar ta iya buɗewa. A can ciwo ya kama ta, a can aka binne ta. Sakatariya ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Saƙonnin nan su ne abin da ya rage mata.

Ta yi abin da ta ga wasu na yi. Ta ja alamar manhajar imel daga fuskar allo ta jefa a filashi, ta ɗauka ta kwashe komai. Da ta buɗe a sabuwar kwamfuta, manhajar ta yi mata maraba kamar baƙuwa. Akwatin wayam.

"Malam Dakata, zo ka gani. Babu ko ɗaya."

"Yaya, me kika kwafa?"

Ta nuna masa.

"Hoton ƙofa kika ɗauko," in ji shi. "Ɗakin yana can."

Manhajar tana da wata jaka da take ɓoyewa a cikin kwamfuta, a nan take tara saƙonni da adireshi da duk saitinta. Kuma tsohon saiti ne: saƙo na sauka, ana share shi daga intanet. Babu kwafi a ko'ina sai a tsohuwar kwamfutar, ita kuwa tana sito cikin tarin 'yan uwanta, motar ɗan kwangila na bakin ƙofa.

Ya je ya tsaya a ƙofar sito.

"Baba, matsa mana," in ji ɗan kwangila. "An sa mini hannu a kan kayan nan."

"A kan ƙarfe aka sa maka. Abin da ke ciki ba naka ba ne. Dakata tukuna."

Dukkansu kala ɗaya ne, kira ɗaya. Amma al'adarsa ce, ba a ɗaga kwamfuta daga tebur sai ya manna mata salatif a ƙasa ya rubuta ofishin mai ita. Ya yi ta kifa su ɗaya bayan ɗaya, yana kai fuskarsa daf da rubutun hannunsa don ya iya karantawa, har ya samu tata. Ya rungumo ta ya hau bene.

Kwafar ta tsaya a tsakiya. Faifan ajiyar ya tsufa, yana ƙas-ƙas. Ya sake, ta sake tsayawa. Sai ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Da ya zuba a sabuwa, manhajar ta yi biris da jakar, ta ƙirƙiro wata fanko ta kama. Ya nuna wa manhajar hanyar tsohuwar jakar, ya rufe, ya buɗe. Layuka suka fara sauka.

Nan ya juya allon wajen Sakatariya, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Haka yake yi wa kowa.

"Duba ki gaya mini, Yaya. Ni ba na karantawa."

"Ga su. Ga wanda take mini faɗa a kan sukari." Ta yi dariya. "Yarinyar nan, kai ka ce ita ta haife ni."

Ta ci gaba da jan linzamin kwamfutar. Can sai ta tsaya.

"Na ƙarshen ba sa buɗuwa."

Saƙonnin watannin jinyar ne. Kwanan wata yana nan, kanun saƙo yana nan, in ta danna sai farin shafi. Daidai wurin da faifan ya lalace suka faɗa. Ya yi kwanaki a kai. Ya ciro faifan ya haɗa da wata kwamfutar, ya gwada duk dabarar da ya sani. Ranar da ya haƙura, da ƙafarsa ya je ofishinta.

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Waɗannan sun tafi. Kanunsu kawai suka rage."

"Na haddace wasu," ta ce. "Rubutunta nake so in gani."

Bai ce ta yi haƙuri ba, ya san an faɗa mata har ta gaji. Cewa ya yi manhajar takan nemi izinin gyara akwati lokaci-lokaci, kuma in aka amsa, layukan nan marasa ciki za ta ɗauka shara ne ta kwashe. Ya kashe wannan saitin. Duk da haka ya manna salatif a gefen allonta ya rubuta: in ta tambaye ki, ki ce a'a.

Malam Dakata, kai ne ka tsaya a ƙofar sito ba tare da wani ya aike ka ba. Kai ne ka fuskanci bango, alhali sirrin ma'aikatar nan kaf ta hannunka yake wucewa. Ba ka ceto komai da komai ba, kuma ba ka ce ka ceto ba.

Ranar sallama, bayan an watse, ya kai wadda za ta gaje shi ofishin Sakatariya ya nuna mata salatif ɗin. Ya sunkuya wajen allo, ya cire tabarau, ya mayar. Bai ga komai ba sai haske.

"Yaya, suna nan?"

"Suna nan."

"Har na ƙarshen?"

Ta karanta masa kanun: "Mama, kar ki damu."

Mun gode, Malam. Allah ya ba idanunka sauƙi. Ku kuma masu wannan sana'a, in aka miƙo muku tsohuwar kwamfuta aka ce ku wanke, ku nemi mai ita tukuna, ku bar shi ya buɗe ya gani da idonsa. Sakatariya har yau, in ta zauna da safe, layin nan take fara dannawa. Farin shafi ya buɗe, ta dube shi, sannan ta fara aiki.