Inna Baturiya, wadda ba ta mayar da kalma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 15 ga Agustan 1985, ana cikin shirin babbar salla, Allah ya karɓi ran Inna Baturiya mai ɗinkin fata, a gidanta da ke tsohon garin Agadas. Ta rasu ƙoramar Telwa na ɗauke da ruwa, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Ni Lukumanu tela, shagona na kallon ƙofarta, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Inna, baƙi sun san ki da jakunkuna da matasan kai na fata, amma mu 'yan unguwa da waƙa muka san ki. Kullum bayan la'asar sai ki shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ki tare mutum uku na farko, ki ce wa kowanne, "Ba ni kalma." Abin da ya fara zuwa bakin mutum shi kike karɓa. Ba kya zaɓe, ba kya mayarwa. Kafin na ukun ya ɓace a lungu kin haɗa su sun zama waƙa, gobe kuma mu ji mata na daka da ita. Na sha ce miki wannan shirme ne. Ranar da aka ba ki albasa da jaki da lokotoro, wato likita, ni na fi kowa dariya, har allura ta soke ni. Kika ce mini in da ke za ki riƙa zaɓa, kullum kukanki kawai za mu ji, gara ki ara daga bakin jama'a.

Sai bara ta zo da farinta. Dabbobi suka zube a daji, makiyaya suka cika gari hannu wofi, sojoji kuma suka hana taruwa in ba wurin rabon hatsi ba. Cikin masu shigowa akwai Bahago, daga wajen Aderbissinat. Shanunsa sun ƙare kaf. Ya zauna a gindin bangonki, ba ya magana, furar da kike aje masa kuma da ƙyar yake kurɓa. Muna kallo yana ramewa, har mun fara cewa ba zai ga damina ba.

Wata la'asar, mai ga-ruwa ya wuce ya ba ki "guga". Mata suka taru su ji saura. Sai ga wani soja, Inoussa, ya daka tsawa, "Dégagez! A watse!" Mu duka muka sha jinin jikinmu. Ke kuwa ko gezau, kika ce, "Na karɓa, ɗana. Saura ɗaya." Kika juya wajen Bahago kika ce, "Malam, ba ni kalma."

Bai ɗago ba. Mata suka yi ta miƙo miki tasu, kika ƙi, kika ce shi ne na uku, tasa kike jira. Haka unguwa ta yi kwanaki ba sabuwar waƙa. Ni da nake kushe ki, ni na fara ƙorafi cewa ɗinki ba ya tafiya. Kullum ki shimfiɗa tabarma kusa da shi, ki ce, "Malam, ka riƙe mana waƙa." Har ranar da ya kalli tafin hannunsa, ya ce da wata murya kamar ba tasa ba, "Tatsa."

Ba zan manta yadda kika miƙe ba, da tsufanki da ciwon gwiwarki:

Guga ya sauka, ya dawo wofi,
An ce mu watse, ina za mu watse?
Hannun da ya saba tatsa bai manta ba,
Saniya ta tafi, hannu yana nan.

Bahago ya fashe da kuka, kukan da ya riƙe tun daga daji. Da ya gama, ya jawo ƙwaryar fura ya shanye tas. Kafin sati waƙar ta kai layin rabon hatsi, na ji direban kamiyo, babbar motar hatsi, na rera ta. Inoussa da kansa ya riƙa biyowa ta lungunmu bayan la'asar, yana tafiya a hankali ko za a tare shi. Kika tare shi kuwa, ya ba ki sunan garinsu.

Da ruwan farko ya sauka bana, Bahago ya koma daji da awaki biyu da wani ɗan'uwansa ya ba shi kiwo. Kin raka shi har bakin lungu kina tsokanarsa cewa kada ya dawo miki hannu wofi.

Ya dawo, Inna. Ranar addu'ar uku ya shigo da gora cike da nonon da ya tatsa da hannunsa, bai ji labari ba sai da ya ga tabarmin zaman makoki. 'Yarki Altine ta karɓi gorar, ta share hawaye, ta ce masa, "Baba, ba ni kalma." Ya ce, "Ƙoshi."

Wallahi na yi kuka, amma ba na baƙin ciki kaɗai ba ne. Kin yi kokawa da fari a kan ran mutum guda, kuma ke kika yi nasara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Altine da ƙanenta Garba, da jikokinki, da dukan matan unguwa. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga ruwan Alkausara. Kamar yadda ba ki taɓa mayar wa kowa kalmarsa ba, Allah kada ya mayar mana da wannan addu'a. Amin.