Sifika Mai Nauyi Zuwa Sabuwa

Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba na fito ƙofar gida da laftof a jaka. Sabuwa za mu ni da Yaya Haruna, wurin Inna, kuma kunnenta ne ya tayar da tafiyar. Na hagu ya toshe tun bara, na dama ma likita ya ce yana bin sahu. A laftof ɗin nan akwai bidiyon da maigidana ya ɗauka ranar sunan autana, inda marigayi Baba ke zaune yana addu'a. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Na taɓa kunna wa Inna, ta ce kukan sauro kawai take ji. Na ba ta abin sawa a kunne, ta ce ba za ta cusa komai a kunne mai ciwo ba. Sai dai a nemo sifika ke nan, kafin na daman ya rufe.

Tsautsayi ya sa na faɗa wa Yaya. Dillalin raguna ne, amma in ka ji shi yana magana, babu abin da Allah ya halitta da bai ƙware a kai ba. Mutumin da ko kunna laftof bai iya ba, shi ne ya ce, "Bar min wannan, Binta. Harkar sauti ba ta mata ba ce."

Muka shiga wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya da kaji. Tun daga tasha har Sheme yana yi wa direba lacca a kan giyar mota. Direban dai "to, Alhaji" kawai yake cewa.

Yankara

Ranar kasuwa ce, muka iso da hantsi. Masu kayan lantarki sun jeru, kowa ya ƙure kiɗa har ƙirjin mutum na rawa. Ni abin da nake nema ba yawa: wadda ke fitar da magana tas, mai riƙe caji saboda wutar Sabuwa sai an ga dama, mai igiyar da za ta shiga laftof. Na hango wata 'yar ƙarama kamar sabulun wanki, na ce wa mai rumfa ya bari in gwada ta da magana.

"Magana kuma, Hajiya? Ai da kiɗa ake gwada sifika."

Na gwada abina. Muryar Baba ta fito har da numfashinsa, sai da na kau da kai. Yaya ko kallo bai yi ba. Yana can yana ɗaga sifiku ɗaya bayan ɗaya, yana jinjinawa, yana latsa gefe, yadda yake yi wa rago kafin layya. Saura kaɗan ya duba haƙora.

"Ka ji kaya!" in ji shi, ya rungumo wata baƙa mai kai masa gwiwa, da fitilu ja da kore. "Abu mai kyau a hannu ake jin sa. Wannan taki ai iska ce."

"Yaya, a haɗa ta da laftof mu ji."

"Gidan ubanmu za mu shiga da abu kamar sabulu? Maƙwabta su ce me?"

Mai rumfa ya ga banza, ya shiga rantsuwa cewa daga jirgi aka sauke ta, yana nuna sifilin da aka jera a lambar ƙarfinta a jikin kwali. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a musu da wa a tsakiyar kasuwa. Da aka je neman igiyar ɗaure kwali, na ce zan sayo wa Inna daddawa. Na zagaya ta bayan rumfa na sayi 'yar sabulun, na tura ta ƙarƙashin daddawar.

Faskari

Direbobi sun ce ba a bin hanyar Sabuwa da yamma, don haka muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuka mai man shanu. Yaya ya kasa haƙuri, ya kunna amaryar sifikarsa da kiɗan wayarsa a tsakar gida. Awaki suka tsinke igiya. Gwaggo ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Haruna, biki ake a gidan nan ban sani ba?"

Wannan ma yabo ya ɗauka.

Hanyar Sabuwa

Washegari muka bi ta Dandume. Kuɗin mota ya ninka yadda na sani, ramuka kuma sun ninka kuɗin. Yaya ya ƙi a sa kwalin a but, ya saya masa kujera guda, ni aka matse ni a jikin ƙofa. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi abin da ke ciki, Yaya ya fara bayani tiryan-tiryan, har mutumin ya gaji ya ɗaga mana hannu. Bayan wani rami mai zurfi na fara jin abu na ƙwal-ƙwal a cikin kwalin. Yaya ya ce injin ne ke zama daidai.

Sabuwa

Mun tarar da Inna a kan tabarma a inuwar ɗaki. Ta rame. Sai da na yi gaisuwa a saitin kunnenta ta amsa. Yaya ya kira maƙwabta, ya girke sifika, ya ce in haɗa. Na haɗa.

Abin da ya fito ba na fatan in sake jin sa. Gurnani ne kawai, bum-bum kamar ana daka a ɗaki, ga ƙwal-ƙwal a ciki, ga fitilu na wasa a kan fuskar marigayi. Inna ta dafe ƙirji.

"Wane ne wannan?"

"Baba ne, Inna," in ji Yaya.

Ta juyo ta dube shi. "Malam bai taɓa yi mini tsawa ba. Kashe."

Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya samo wuƙa ya kwance bayan sifikar don ya gyara injin. Sai ga curin siminti ya gangaro, da guntun gam a jikinsa. Nauyin da ya jinjina ke nan, shi ya saya wa kujera.

Ni hankalina na kan Inna da ta juya fuska bango. Na zaro 'yar sabuluna tana warin daddawa, na ajiye ta a kafaɗarta ta dama, na kunna a hankali. Baba ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce bismillah.

Inna ta jawo mayafi ta rufe kanta, yadda take yi in ya shigo gida. Ta ɗaga tafin hannuwa. Yana roƙo tana cewa amin, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Da ya shafa, ita ma ta shafa, ta ce, "Maido shi, Binta." Na maido shi har cajin laftof ya ƙare. Yaya na bakin ƙofa, ya sa hula ya rufe fuska.

Gida

Na kwana biyu, na sa wa Inna muryar a wayar matar ƙanena, na bar mata sifikar. Muka dawo Ƙanƙara kafin la'asar, kuma a karon farko a rayuwata na yi tafiya da Yaya Haruna bai koya wa direba tuƙi ba.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma bar wa Inna kunnen har ta ji. Godiya ga Gwaggo da tuwonta. Simintin yana nan a Sabuwa, da shi Inna ke tare ƙofa in za ta saurari Malam.