Ranar da Metir Halidu ya gode wa Kadi

In ka tsallake gadar Yamai ka shiga unguwar Kirkissoye ka tambayi Metir Halidu, ko mai tallar kopto, kwaɗon zogalen nan, za ta nuna maka filin lakwal, wato makarantar boko, inda yake tara yara duk Laraba da Asabar bayan la'asar. Mutumin Tawa ne, gajere mai faɗin ƙirji. Ya zo Yamai yana saurayi, ya kama tuƙin mota, yana koyon karate da yamma har ya ɗaura baƙar ɗamara.

Gasa ɗaya tak ya taɓa shiga, a Wagadugu. Ko minti guda ba a yi ba wani dogon saurayi ya shimfiɗe shi. Halidu ya miƙe, ya kakkaɓe kimono, ya rusuna ya gode wa mutumin da irin ladabin da ya sa aka yi masa tafi fiye da wanda ya ci. Tun daga ranar ya yanke cewa asirin karate godiya ce, kuma ba a samu mai ƙarfin halin gaya masa cewa dama ba shi da wani asirin ba.

Iyaye kuwa ba godiya suka aiko ƴaƴansu nema ba. Alhaji Shu'aibu, mai shagon atamfa a Kalley, ya kawo ɗansa Anas ne don ya rama dukan da ake yi masa a lakwal. Bayan wata biyu ya dawo rai a ɓace.

"Metir, an sake marin yaron nan, sai ya rusuna ya ce marsi. Abin da na kawo shi koyo ke nan?"

"Alhaji, wanda ya mare shi ya ƙara?"

"Ina fa! Ya ɗauka taɓin hankali ne, ya ruga."

"To, ka ga aiki," in ji Halidu.

A ajinsa sai an gode wa filin da aka taka, a gode wa abokin karawa, wanda ya kayar da kai kuwa a gode masa sau biyu don ya nuna maka inda kake da rauni. Yara suka kwashi abin suka kai gida, har in kuran, wutar lantarki, ya dawo bayan awa shida sai ka ga sun jeru suna rusuna wa ƙwan fitila.

Wata Asabar ya ba su aiki: kowa ya nemo wanda bai taɓa gode wa ba a gidansu. Fa'iza, ƴar shekara tara, ta ɗaga hannu.

"Metir, wa ke wanke maka kimono? Kullum fari fat."

"Maiɗakina."

"Kai ka gode mata?"

Halidu ya ce kowa ya yi tsalle ashirin.

Amma tambayar ta bi shi har gida. Shekara ashirin da shida ke nan da aurensa da Kadi, Bazabarmiya haifaffiyar Yamai. Ya gode wa makanikai, ya gode wa jandarman da suka tsare shi a hanya, ya gode wa ƙasar filin lakwal, amma duk iya tunaninsa bai tuna ranar da ya gode mata ba. Ya iske ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ya haɗa ƙafafu, ya manna hannuwa a cinya, ya rusuna.

"Kadi, na gode."

Ta ajiye faifai a hankali. "Malam, me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"Tunkiyata ka sayar?"

"Ga ta can a ɗaure."

Kadi ta taɓa goshinsa, ta leƙa idonsa, sannan ta ɗauki waya ta kira yayanta Jibo a Tondibia, ta ce ya yi maza, mijinta ya fara sallama da duniya. Kafin magariba Jibo ya sauka daga kabu-kabu da gorar rubutu a hannu. Halidu ya shanye, don ya ga rubutun ya fi bayani sauƙin haɗiya.

Sai washegari ta fahimci cewa lafiyarsa ƙalau. Idonta ya ɗan kawo ruwa, ta share da bakin zane. Sannan ta ce in dai godiyar ta gaske ce, ga bokiti ga sabulu. Halidu ya tsuguna bakin famfo, ya gano cewa jar ƙasar Yamai ba ta barin farin yadi da daɗin rai.

Labari ya zaga unguwa, mata suka yi ayari suka roƙe shi ya buɗe aji na magidanta. Ya buɗe. Mutum uku suka zo ranar farko. Da suka ji abin da za a koyar, biyu suka tuna ana jiransu wurin suna. Na ukun, wanda har yau bai taɓa fashi ba, gwauro ne.