Ƙaurin Albasar Iya

A gidanmu babu abincin da ake ci ba albasa. Tana cikin miyar tuwo, tana cikin man garau-garau, ɗumamen safe ma sai an watsa masa soyayyiya. Ina jin da koko zai yarda, da shi ma an yanka masa. Mu mutanen Kura ne, kuma kakana, wanda muke ce wa Baba Tsoho, tun da aka fara sako ruwa a kanal yake noman albasa. 'Yan ajinmu sukan ce tun daga ƙofar makaranta suke jin ƙanshin zuwana. Ƙarya suke yi. Tun daga bakin titi ake ji.

Kakata Iya ta daɗe da sakar wa Ummata girkin gida, amma akwai aiki ɗaya da ba ta yarda kowa ya taɓa mata ba, wato soya albasar Baba Tsoho. Kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta soya ta ba ta ƙone ba. Dalili kuwa, da ta zuba albasar a kasko sai ta kifa turmi a gindin katanga ta hau, ta shiga hira da maƙwabciyarmu, wata 'yar Filato da ke soya dankalin turawa a bakin titi da yamma. Mama mai dankali muke ce mata. Su biyun in suka fara, sai hayaƙi ya isa Bunkure kafin Iya ta waiwayo.

Sai ka ji muryar Baba Tsoho daga ɗakinsa: "Kin ƙona ta!"

Iya ta ce, ko saukowa ba ta yi ba, "Ba ƙonewa ta yi ba, nuna ta yi."

"Ni da na noma ta ban san nunarta ba? Gawayi za ki ba ni?"

"In ba ka so ka bar wa jikoki."

Bai taɓa bar mana ba. Yana mita yana ci, har ya sa yatsa ya suɗe kwanon.

Iya ta rasu a ranin bara, ana tsakiyar cire albasa. Zazzaɓi ne, bai ma kwantar da ita da yawa ba. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, baƙi suka watse, gida ya koma namu. A lokacin ne muka lura Baba Tsoho ya daina cin abinci.

Ba cewa ya yi ba zai ci ba. Kwano ne yake shiga ɗakinsa ya fito kamar yadda ya shiga, sai ɗan gurbin yatsa a gefen tuwo. Abbana ya kai shi asibiti a adaidaita sahu, likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba, amma in bai ci abinci ba cutar za ta zo da ƙafarta. Umma kuwa surukarsa ce, ko ido ba ta iya haɗawa da shi, balle ta ce masa ci. Sai dai ta dafa ta ba ni in kai. Ta yi farfesun kaza, ta dama fura da nono, ta yi dambu. Ta soya masa albasa mai kyau, ja-ja-ja, wadda ko a gidan biki sai an tambayi wa ya yi. Ya ɗanɗana ya ce madalla, ya ture.

A duk gidan ni kaɗai ke da ikon yi masa rashin kunya, don akwai wasan jika da kaka tsakaninmu. Yana ce mini amarya, ina ce masa ango mai haƙori uku. Sai na shiga da kwano na ce, "Ango, ka ci mana. Wuyanka ya zama kamar lawashi. Ni fa ba na zama da ramamme, a unguwa za a yi mini dariya."

Da a da ne, cewa zai yi, "Ke mummuna, wa ya ce yana son ki? Don tausayi na ɗauke ki." Amma sai ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Ajiye nan."

Ban taɓa jin addu'ar da ta tsorata ni kamar wannan ba. Na fito na zauna a bayan rumfar albasa na yi kuka, Umma ta tambaye ni na ce yaji ne ya shiga mini ido.

Ya daina zuwa lambu. Rigarsa ta yi masa yawa. In zai tafi masallaci sai ya dafa bango, shi da a da yake ɗaukar kwandon tumatir ba a aza masa ba.

Wata rana Umma ta aike ni sayen ƙwai, na biya ta wajen Mama mai dankali. Ta tambaye ni jikin Baba, na gaya mata gaskiya. Ta juya dankali a mai, sannan ta ce, "'Yata, tsoho kamar yaro ne. Kai masa abin da bai taɓa gani ba, ko don ya tambaya mene ne." Ta ce 'yarta da ke aiki a wani gidan abinci a Kano ta koya mata wani abu. Ta ɗauki albasa babba ta yanka a kwance, ta zazzare ta zobe-zobe kamar awarwaro, ta tsoma a ƙullin fulawa da ƙwai, ta jefa a mai. Ta ce masu kuɗi ne ke cin wannan, da cokali mai yatsu.

Na yi dariya har na kusa faɗawa kaskon. Albasar da muke tuntuɓe da ita a tsakar gida, ita ce ta je birni ta sa riga ta yi tsada! Amma da na ci, sai na daina dariyar. Waje rumus, ciki laushi da zaƙi.

Washegari bayan la'asar na ce wa Umma ni zan yi wa Baba Tsoho girki. Ta dube ni kamar na ce zan tuƙa tirela, amma ta bar ni. Na ɗauko kaskon Iya da ba wanda ya taɓa tun rasuwarta, na hura murhunta. Na fara soya dankalin da Mama ta ba ni, ya yi kyau, na kwashe. Sannan na zuba zoben albasa.

Ina zubawa sai na ji Mama ta bayan katanga tana cewa, "Ƙullin ya kama? Bai yi ruwa ba?" Ba na jin ta sosai, sai na kifa turmi na hau. Ta gan ni ta saman katanga, ta tsaya cak. Ta ce, "Nan Iya take sa gwiwar hannunta. Nan daidai." Sai ta shiga ba ni labarin lokacin da suka zo garin ba su san kowa ba, mijinta ya sami aiki a injin gyaran shinkafa, Iya ce ta fara miƙo mata tuwo ta saman katangar nan. Tana faɗa tana share ido da bakin zane. Ni kuma na manta a duniya akwai wani abu wai shi kasko.

"Kin ƙona ta!"

Muryar ta cika gidan kamar da. Kaji suka watse. Umma ta fito daga ɗaki da gudu, ni na ƙame a kan turmi. Baba Tsoho ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, ba sanda, ba dafa bango, bakinsa a buɗe zai ƙara wata maganar. Sai ya ga wadda ke kan turmin. Na ga lokacin da ya tuna. Kafaɗunsa suka sauka a hankali, ya fara juyawa zai koma ciki.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Ba ƙonewa ta yi ba, nuna ta yi."

Umma ta toshe bakinta da hannu. Babu wanda ya motsa, sai hayaƙi ke ta tashi. Baba Tsoho ya daɗe yana ba mu baya. Can ya ce, "Ni da na noma ta ban san nunarta ba?" Ya jawo tabarma da ƙafa ya zauna. "Kawo in ga ta'asar da kika yi."

Na kwashe na kai masa, baƙi ƙirin, wasu kamar tayar keke. Ya ɗaga ɗaya yana leƙa ni ta cikin ramin.

"Wannan kuma fa? Wa ya ɗinka wa albasa riga?"

"Na 'yan birni ne, ango. Kai ba ka waye ba."

"Mummuna, kuma ba ki iya girki ba. An cuce ni."

Ya sa a baki. Ya tauna a hankali da haƙoransa uku, hawaye na bin gemunsa, ya ce hayaƙi ne. Na ce eh, itacen ɗanye ne. Ya ci na biyu, ya ci na uku, ya taɓa dankalin ya ce ba gishiri. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ko akwai sauran tuwon jiya. Umma ta shige kicin da sauri har ta bar takalminta ɗaya a tsakar gida.

Bai koma yadda yake a da ba. Rabin kwano yake ci, wani lokacin ƙasa da haka, kuma har yau rigarsa ta yi masa yawa. Amma da aka sako ruwan kanal a bana, ya sa Abba ya kai shi lambu a babur, ya zauna a kan kunya yana yi wa masu dashen albasa faɗa.

Soya albasarsa ta zama aikina. Ya hana ni sa mata riga, ya ce fulawa asara ce. Da safe kafin in tafi makaranta nakan yanka, in zuba a kaskon Iya, in kifa turmi in hau. Wata rana Mama tana nan mu yi hira, wata rana ta tafi kasuwa, sai in tsaya ni kaɗai ina kallon tsakar gidanta, ina jira har in ji muryarsa daga ɗaki.