Matar da Ta Zuba Rini a Masaina

Ƙarfe bakwai na safe farar motar ƙaramar hukuma ta riga ta tsaya a ƙofar gidan wani. Verna Cephas ba ta fara ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ta zura dogayen takalman roba, ta ɗauki sandar ƙarfe, ta zagaya bayan gida tana kallon ciyawa. In fari ya ƙone ko'ina a watan Agusta amma wani wuri ɗaya ya yi kore shar, nan take tsayawa ta soka sandarta, ta zaro, ta shinshina. Bayan nan ne take zuwa ta gaida masu gida. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana aikin duba-gari a wannan gefe na gaɓar mashigin tekun Chesapeake, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

An nemi in rubuta mata jinjina saboda ni na koyar da ita kimiyya a sakandare, kuma saboda mutanen rafinmu sun ɗauka ni ne na farko da ya ba ta goyon baya. Na farkon gaskiya ne. Na biyun ƙarya ce da na bari ta zauna shekara takwas, don ta yi mini daɗi.

Gidajenmu tamanin da 'yan kai ne a bakin rafi, kowane da ramin masansa, kuma ƙasarmu rairayi ce. Abin da ya shiga rami ba ya zama a rami. Yana tsiyaya, yana ɗauke da naitirojin, sinadarin nan da ke cikin taki, har ya isa ruwa. A ruwa gansakuka ce ke cin moriyarsa: ta yi kauri, ta tare rana, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu, ita ma gansakukar ta ruɓe ta shanye iskar da kifi da ƙaguwa ke shaƙa. Wannan darasi na zana shi a allo ya fi sau ɗari, da alli kala uku.

Wanda abin ya fi ci shi ne maƙwabcina, Kyaftin Alton Bradshaw. Sana'arsa ƙaguwa mai laushi. Yana da tankuna goma sha takwas a rumfarsa, inda yake zuba ƙaguwar da ta kusa saɓa, injin yana jawo musu ruwan rafi, shi kuma yana tsince su da zarar sun tuɓe ɓawo. Ƙaguwar da ke saɓa ba ta da ƙarfin jure ruwa marar iska. Tun wajen shekara goma sha biyar da suka wuce, duk Agusta sai ya kwashe matattu da shebur.

Da ƙaramar hukuma ta fito da tallafin sauya tsofaffin ramuka da sabon tanki mai injin hura iska, wanda ke rage naitirojin kafin ruwan ya shiga ƙasa, Verna aka ɗora wa yawon gida-gida. Tallafin ya ɗauke kusan duk nauyin aikin. Abin da ya rage wa mai gida shi ne wutar injin, da yarda a zo a duba sau ɗaya a shekara, da haƙurin a tone masa bayan gida. A bayan gidana kuwa lambun tumatirina yake, wanda ya ciyo mini kyauta sau huɗu a bikin amfanin gona.

An kira taro wata Asabar da safe a zauren 'yan kwana-kwana. Verna ta kafa taswirarta ta yi bayani. Na miƙe, da muryar nan da na saba tsawata wa aji. Na ce a je a tambayi masu gonakin kaji, a tambayi baƙin da ke zuwa hutu da jiragen ruwansu, a tambayi agwagin dajin da ke sauka dubu-dubu. Na ce hukuma ta gama da aljihunmu, yanzu ta biyo mu har bayi.

"Malam Dashiell," in ji Verna, "duk waɗannan suna da nasu kason, ban musa ba. Amma babu gonar kaji ko ɗaya a kan rafin nan. Mu ne kawai."

"Verna," na ce, "ko a ajina ma ba ki cika rabuwa da kuskuren lissafi ba."

Zauren ya ɗauki dariya. Ta shiga naɗe taswirarta a hankali. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba, har na maimaita maganar a wajen mai aski. Kuma ba ma gaskiya ba ce, don Verna tana cikin 'yan gaban aji. A ranar mutum arba'in da uku suka sa hannu a bayana cewa ba ma so. Hukuma ba ta yi jayayya ba, ta karkatar da tallafin zuwa unguwannin da ke so. Shekara uku muka ɓata a haka.

A shekarun nan uku Verna ba ta zauna ba. Wata gwauruwa a ƙetaren gada ta gaya mini yadda Verna ta zauna a kicin ɗinta yini biyu tana cika mata takardun tallafi, har ta tono takardar filin daga cikin gwangwanin biskit. Wani ɗan kwangila ya binne tanki a karkace ya ce ai ƙasa ta rufe. Verna ta tsaya a kansa cikin ruwan sama har ya tone ya sake. Samarin bakin tasha suka laƙaba mata Sarauniyar Masai don su ba ta haushi, sai ta sa aka ɗinka sunan a gaban hularta. Da ita take zuwa aiki har yau, ta koɗe ta zama ruwan toka.

Rafinmu ma ba ta daina zuwa ba. Duk Talata tana ɗiban ruwa a kwalabe daga kan gadar katakon da Alton ke ɗaure jirgin ruwansa. Idan ta hango ni a lambu takan ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina kwana, ya tumatir?" Ni kuma in amsa da ƙyar.

A Agusta na uku, wata safiya, ƙaguwa suka fito tudu. Ɗaruruwa, suna hawa duwatsu da ƙafafun gada, suna gudun ruwan da aka haife su a ciki. Alton ya rasa duk abin da ke tankunansa cikin kwana biyu. Kafin sanyi ya shigo ya rufe rumfar, ya sayar da jirgin da ya gada wajen mahaifinsa, ya koma tuƙa motar kai kaji. Ni kuwa na cika kwando da manyan tumatir na kai masa jaje. Na tsaya a ƙofarsa ina zagin gonakin kaji, yana sauraro, yana juya tumatir ɗaya a hannu.

Talatar da ta biyo baya Verna ta ƙwanƙwasa ƙofata. Babu taswira, babu takarda, sai wata 'yar kwalbar koren rini.

"Malam, gwaji na zo mu yi. Ba na ofis ba ne, ba zan rubuta a ko'ina ba."

"Ramina lafiyarsa ƙalau. Shekara arba'in bai taɓa cika ba."

"Abin da ke damuna ke nan," ta ce. "Ramin da bai taɓa cika ba, ina kayan ke zuwa? Kai ka hana mu gardama a kan abin da za a iya gwadawa. In babu komai, zan tsaya a zauren nan in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Wannan alkawari ne ya ja ni. Na riga na fara hango kaina ina karɓar haƙurin cikin dattaku. Na kai ta bayi da kaina. Ta juye rinin a masai, ta kora ruwa sau uku, ta wanke hannu, ta yaba labulen marigayiya matata, ta tafi.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da ruwan rafin ke janyewa zuwa teku, Verna ta dawo. Muka gangara ta tsakiyar lambun. A gindin gaɓa, daidai ƙarƙashin layin tumatirin da ya fi ƙiba, wani kore mai ƙyalli yana ɓulɓulowa daga cikin rairayi. Ya yi zare siriri a kan laka, ya shiga rafi, ya miƙe ya nufi bakin bututun da ke shayar da tankunan Alton. Tsakanin gaɓata da bututun nan bai fi taku sittin ba.

Na zauna a kan laka da wandon zuwa coci. Na jira ta rama. Tana da dama, kuma da ta rama da na ji sauƙi.

"Ba naka kaɗai ba ne, Malam," ta ce. "Ko ramin da ke da lafiya yana sakin naitirojin, ba a dai ganinsa. Naka ne kawai ya fi kusa, ya fi tsufa." Ta zaro takarda daga aljihun riga, a cike tsaf, saura sa hannu. "Biro gare ka, ko in ba ka?"

Na sa hannu a kan gwiwata. Aka tone lambun, aka binne sabon tanki. Da mutane suka tambaya, na ce na sake nazarin alƙaluma ne na ga akwai hujja. Aka ce ka ji masu ilimi, ba sa jin nauyin sauya ra'ayi. Cikin shekara biyu talatin da takwas daga cikin mutanena suka bi sahu. Har a coci aka ambaci sunana. Verna tana zaune a layi na uku, ta tafa tare da kowa.

Verna, ke ce kika riƙe abin da zai wanke ki a gaban zauren da ya yi miki dariya, kika mayar da shi aljihu. Ke ce kika bar tsohon da ya ci miki fuska ya yafa rigar yabon da ke kika cancanta. Na koya miki yadda naitirojin ke tafiya a ƙasa, ban san yadda girman kai ke tafiya a unguwa ba, ke kuwa kin sani. Kin lissafa cewa in na faɗi a gaban jama'a, mutum arba'in da uku za su ƙi sa hannu har abada don kada a ce su ma sun faɗi. Lissafinki daidai ne, nawa ne ya kuskure.

Rafin bai warke duka ba, kada in yi wata ƙaryar. Abin da muka zuba shekara arba'in yana nan yana tsiyaya. Amma ciyawar ruwa ta fara dawowa gefen gada, kuma bara 'yar Alton ta sake buɗe tankuna shida. Jirgin mahaifinsa dai ya tafi, yana can wata jiha ana yawon shaƙatawa da shi.

Duk shekara, ƙaguwar farko da ta yi saɓa, Alton yakan kawo mini rabin dozin a naɗe a jarida, ko da daga tankin wani ya samo. Ina soyawa ina ci. Makon jiya na ga ba zan iya rubuta wannan takarda ba sai na fara zuwa wajensa. Na same shi a rumfa yana gyaran raga. Na faɗa masa komai, tun daga kwalbar har zuwa zaren koren.

Bai ɗago ba. "Na sani," ya ce.

"Verna ta gaya maka?"

"Verna? Wannan ko matse ta ka yi ba ta ɗiga. Ina cikin rumfar nan ranar, ina kwance injin. Na ga koren tun kafin ku gangaro. Na ga ka zauna daɓas a laka kamar an sauke buhu."

"Shekara takwas, Alton, ba ka ce uffan ba."

"Na ɗauko guduma zan zo, wallahi. Verna ta tare ni a kan gada. Ta ce, Kyaftin, rafi kake so ko fuskar Malam? Ɗaya za ka samu." Ya ja zaren ragar ya ɗaure. "Na zaɓi rafi. Fuskarka me zan yi da ita?"

Na tambaye shi ƙaguwar fa, me ya sa yake kawo mini. Ya ce ai na sa hannu, kuma mutane sun bi, wannan ba ƙarya ba ce. Sannan ya dube ni karo na farko.

"Tumatirin nan naka dai ban taɓa ci ba. Tun kafin rinin. Kowa ya san abin da ke sa tumatir ƙiba haka a rairayi, Malam. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kai da ka karanta."

Na gode, Verna Cephas. Na gode da Talatocin nan, da takardun da kika cika wa waɗanda idonsu ya raunana, da shirun da ban cancanta ba. Ku kuma da har yanzu kuke kan tsohon rami, gidaje goma sha tara ne, na san ku ɗaya bayan ɗaya: tallafin yana nan, wadda za ta gaje ta ta fara zagaye. Kada ku jira kwalba. Matasan da ke shiga aikin hukuma, ku je ku ga yadda ake cin nasara ba tare da an kayar da kowa ba.

Ranar Asabar za a yi mata walimar sallama a zauren 'yan kwana-kwana, da ƙaguwa da masara a kan jarida. Na roƙi a ba ni minti biyu. Zan tsaya daidai inda na tsaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, in faɗa da muryar da zauren ya sani cewa Verna ba ta taɓa kuskuren lissafi a ajina ba. Wanda ya yi dariya a wancan karon, ina roƙonsa ya zo.