Zomaye Biyu a Kwando Ɗaya

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, na leƙa akurkin da ke bayan ɗakin girkinmu a Bodinga na tarar da farin gashi warwatse a ƙasa kamar an yi shiɓar auduga. Toka, zomanyata, tana bakin raminta tana buga ƙafar baya. Sabon zomon da Kawu ya kawo mini daga Lambara kuwa ya maƙure a kusurwa, kunnensa na ɗigar jini.

Tun da muzuru ya kashe abokin zamanta Toka ta daina taɓa dusa da ganyen waken da nake kai mata kafin in wuce makaranta. Shi ya sa aka samo baƙon, muka saka shi akurkin kai tsaye muna zaton murna za ta yi. Baba ya duba kunnen ya ce, "In sun sake, mai cizon za a yanka." Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ina zan iya roƙon Baba? Sai na kife baƙon da kwando, na zauna gindin turmi ina hawaye.

Kakata ce ta lura da ni. "Ke 'yar nan, kukan mi kike? Ramin ga ita ta gina abinta, dole ta yi hushi. Hid da su duka." Washegari ta sa su cikin kwando ɗaya, ta ɗaure faifai a bakinsa, ta ɗora mini a cinya, ta ce in bi Baba gona a amalanken jaki.

Hanyar Dingyadi duk ruwa ya zaizaye ta. Amalanken na faɗawa rami yana fita, kwandon na tsalle, ina jin ƙarar farce a ciki. Can hadari ya haɗo daga gabas, aka saki wata tsawa, jakin ya zabura. Daga nan kwandon ya yi tsit. Shirun ya fi kokawar ba ni tsoro. Na riƙa duba zanena ko jini ya ɗigo, ina satar kallon wuƙar da Baba yake yanka igiya da ita, tana leƙowa daga aljihunsa.

Da muka fake a bukkar gona Baba ya ce, "Buɗe mu gani." Na kwance igiyar. Baƙon ya cusa kansa ƙarƙashin haɓar Toka, jikinsu duka na ɓari, ita kuma tana lasar kunnen da ta ciza. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tsinko musu ganyen gyaɗa. Da muka koma gida Kaka ta ajiye su wasu kwanaki a ɗakin buhuna, inda babu mai cewa wurinsa ne, kafin su koma akurki tare.

Yanzu zomayen ƙannena a kejin ƙarfe suke, kowane da ɗakinsa, gonar kuma a babur ake zuwa. Kaka ta rasu ban taɓa tambayarta inda ta koyi dabarar ba, kunya ta hana ni. Mu uku tsoro ya kama a amalanken nan, ni da zomayen, biyu ne kawai suka sami wanda za su raɓa.