Gwaggon Kicin, Mai Tada Launin Karas Daga Barci

Kafin masu shara su gama goge barandar ɗakin yara, tururin tukunyarta ya riga ya lulluɓe tagar kicin ɗin asibiti. A cikinsa za ka hango ta kamar a mafarki, ɗankwali a karkace, tana kankare karas tana 'yar waƙar da ba wanda ya taɓa jin ƙarshenta. Gwaggon Kicin ake ce mata. Ko babban likita haka yake kiranta, kuma shi ma in ya leƙo iyakarsa bakin ƙofa.

Ba ta san gaggawa ba. Sai ta yanka karas da kabewa ƙanana, ta turara su har su yi laushi, ta dame, ta zuba ɗan mai. Alayyafo kuwa ba ta barinsa ya mutu a wuta. In an tambaye ta dalili takan ce, "Launin nan barci yake a ɗakinsa. Wuta ce ke buɗe masa ƙofa, mai ne ke goya shi zuwa jini." Daga bakin likitar abinci ta ji wannan tun tana sabuwar zuwa, ta sake masa riga yadda kowace uwa za ta iya riƙewa.

Ma'aikatan jinya har yau suna ba da labarin 'yar wata mai ɗinki. Yarinya ce mai dundumi, da rana ta faɗi sai ta kama zanen uwarta ƙam, ga kuma raunin ƙashi da ake ba ta ƙwayar kalsiyam dominsa. An yi mata magani ta samu sauƙi, aka sallame su, ba a jima ba suka dawo. Likita ya ce in abin ya ci gaba da komowa, idon na iya lalacewa gaba ɗaya.

Wata rana da hantsi Gwaggo ta kai musu abinci, ta ɗan tsaya hutar da ƙafa. Sai ta ga uwar ta sa cokali ta yaɗe man da ke sama tsaf, ta murƙushe ƙwayar, ta juya a ciki.

"'Yata, me man nan ya yi miki?"

"Gwaggo, ai mara lafiya ba ya cin maiƙo. Ƙwayar kuma in ban ɓoye ta a abinci ba, tofarwa take yi."

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, don ta ga so ne ya yi wa baiwar Allah yawa. Ta nemi likitar abinci ta kwashe mata duka. Likitar ta ce rashin man shi ne babbar ɓarnar, kuma ƙwayar kalsiyam mai ƙarfi kan iya kama maiƙon a ciki, launin da idon yarinyar ke buƙata ya rasa mai goya shi, don haka a raba musu lokaci.

Gwaggo ta dawo ta zauna bakin gado. "Karas da ƙwayar nan duk masoyan 'yarki ne, amma baƙi ne da ba a sauke su ɗaki ɗaya. Wannan da rana, waccan da yamma." Sannan ta ja uwar har cikin kicin, ta damƙa mata wuƙa da ludayi, ba ta ƙyale ta ba sai da hannunta ya faɗa.

Ke ce, Gwaggo, wadda ba ta taɓa duba mara lafiya ba amma ta san kwanon kowa. Ke ce mai gyara kuskuren uwa ba tare da kin sa ta jin kunya ba. Gishirin ɗakin yara, ba a ganin ki sai ranar da babu ke.

Ranar da Gwaggo ta ajiye aiki, 'yar walimar da aka yi mata a tsakar asibiti ta kai har bayan magariba. Mai ɗinki ta zo da 'yarta. Duhu na sauka kowa ya saci kallon yarinyar. Sai ta saki zanen uwarta, ta ratsa tsakar asibitin ita kaɗai, ta tsallake kwata, ta tsaya gaban Gwaggo. Can ta ɗaga kai sama.

"Umma, wa ya watsa shinkafa a sama?"

Taurari take nufi, rabonta da ganinsu tun ba ta da wayo. Uwar ta fashe da kuka, Gwaggo ta taya ta, mu ma da muke wurin ba mu tsira ba.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya huta gajiya, Ya haskaka idonki yadda kika haskaka na 'ya'yan mutane. Ku kuma masu riƙe da ludayi a gida da wurin aiki, ga hanya nan ta bar muku: ku turara, ku sa ɗan mai, ku tambayi likita lokacin ƙwaya. In kun kai kwano kada ku juya nan take, ku ɗan tsaya ku ga yadda za a ci.